Famfon Ranar Laraba

Laraba ce, an wuni ana yayyafi. Mama ta zame a bakin ƙofa tun Litinin, aka ɗaure mata hannun dama.

A gidan nan, duk Laraba da yamma 'ya'ya suna hallara cin taliyar Mama da sosej, wato niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa fasawa ba. Abu na biyu da ba ya fashi shi ne yoyon famfon kicin. Baba mai gyaran famfo ne, ya gyara na rabin unguwa, amma nasa ya gagare shi. Duk Laraba sai ya ɗauki sufana ya shiga, ya turo ƙofa, Mama na girki shi yana gunaguni a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Yaran sun daina yi masa dariya tun tuni.

Wannan karon amaryar Auta ce ta ce za ta dafa. Sati uku da aurenta, kuma ba ta taɓa ɗora wa dangin miji tukunya ba. Yaya, babbar 'yar gidan, ta gyara zama a falo.

"Ki yi a hankali, Amarya," in ji ta. "Ni kaina sau biyu na gwada a gidana, kaji ma suka ƙi ci."

Amarya ta durƙusa gaban Mama. Ruwa nawa ake zubawa? Daidai, in ji Mama. Gishiri fa? Shi ma daidai. Albasa ce farko ko sosej? Mama ta dubi silin, ta ce hannun ya motsa mata. Amarya ta tashi da tunanin tsohuwa tana yi mata rowar sirri.

Ta jera tukwane biyu, ɗaya ta miya ɗaya ta taliya, yadda ta koya a gidansu. Sai ga Baba da sufana. Ya ɗauke babbar tukunyar, ya tura ta ƙarƙashin bututu, ya kwanta.

"Baba, tukunyar..."

"Tarar ruwa."

Ta buɗe famfo, ko ɗigo babu. Ya ce ya kashe, sai nan da minti goma. Don kada ta tsaya haka, ta yanka sosej ta zuba a mai. Da ya yi ja ta sa albasa da tafarnuwa, ta bi da tumatir. Ta miƙa hannu ga gishiri.

"Ba ni shi. Zan goge tsatsa."

Ya karɓa, ya barbaɗa mata kaɗan a tafin hannu, ya tura sauran bayan bututu.

Da ya saki ruwa, kofi huɗu ta tara ya sake kashewa. Ta ce ba zai isa tafasa taliya ba, balle a tace. Ya ce ai ba wurin tacewa, ya kwance bututun. Amarya ta tsaya da ƙunshin taliya a hannu. Daga falo tana jin Yaya tana tambayar Auta ko akwai burodi a gidan, saboda halin ko-ta-kwana. Ta runtse ido, ta juye ruwan a miya, ta kakkarya taliyar ta zuba a kai.

"Tururi na shiga idona. Rufe."

Ta rufe.

"Wutar na gasa mini baya. Rage."

Ta rage. A ranta ta ce Mama waliyyiya ce da ta jure wannan tsoho shekara talatin.

Sau ɗaya ya ce yana jin kamar ƙauri, ta juya taliyar. Can ya ɗaga hanci, ya ce yana jin warin gas, ta kashe yanzu. Ta leƙa, taliya da sauran ƙarfi, ruwa bai gama tsotsewa ba.

"Baba, ba ta nuna ba."

"Nunar taliya ko gobara? Mayar da murfin."

Ta kashe. Minti biyar tana tsaye, hawaye na taruwa, shi yana ƙwanƙwasa bututu. Sannan ya miƙe, ya kaɗe wando, ya ce gas ɗin lafiya lau, hancinsa ne. Ya fita.

Ba lokacin sake wata. Ta juye a babban faranti ta kai, ta koma gefe tana jiran hukunci.

Auta ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Yaya ta ɗiba, ta tauna, ta sake ɗiba.

"Mama, wannan ba adalci ba ne," in ji ta. "Ni da kika haifa kin hana ni sirrin, ita daga zuwa kin ba ta."

Mama ta ce a miƙo mata ruwa. Baba ya cinye nasa, ya ce ba laifi, ya tafi alwala. Amarya ta yi ta ƙoƙarin bayyana cewa kuskure ne daga farko har ƙarshe, ba wanda ya saurare ta. Yaya ta kankare ƙasan tukunya da cokali.

Washegari da safe Baba ya shiga kicin. Ya fito da babbar tukunya daga ƙarƙashin bututu, a bushe ƙayau, ya mayar wurinta. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗaga sufana, ya ciro wani tsohon cokalin katako da miya ta rine. Ya naɗe shi a jarida ya ba Mama, ya ce ta aika wa yarinyar, ta ce daga gare ta ne.

Famfon bai taɓa yoyo ba. Shekara talatin da ɗaya Baba ne ke dafa taliyar, Mama tana zaune a kujera tana gadin ƙofa.