Safar Hannun Hagu

Karo na uku ke nan ana kiran Rumasa'u daga asibitin da take aikin jinya, a ce ta zo ta ɗauki mahaifinta. Na farko a tashar jirgin ƙasa ta Metro aka tsince shi, na biyu a ƙofar wani ofishin jakadanci. Wannan karon a bakin filin ƙwallo ne, yana ta rigima da masu gadi wai sai ya ga mai tsaron gida.

Injiniya Umaru fa, mutumin da suna yara yake kashe musu talabijin da zarar ya ji ihun 'yan kallo. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi, sunan titinsu na Clinton ma ya gudu daga kansa, amma bai taɓa manta ranar da ƙungiyar mata ta Washington za ta yi wasa ba.

Likita ya ce kada a sake barinsa shi kaɗai. Yayanta Nasir ya bugo daga Houston ya ce ta daina wahalar da kanta, ta kai Baba gidan kula da tsofaffi. Mako biyu takardar shiga gidan na cikin jakarta, sa hannunta kawai ake jira. In ta tuna abin da dangi za su ce a Zariya sai ta fasa sa hannun. To amma Mama ta rasu, ita kuma awa goma sha biyu take yi a tsaye a wurin aiki.

Tana gyara masa ɗaki ta ci karo da wani kwali, an lulluɓe shi da tsohuwar suwaitar da ya zo da ita daga karatunsa na Turai. Ciki yankakkun jaridu ne, duk a kan mace ɗaya: Marit Hovland, mai tsaron gida 'yar ƙasar Norway. Ga ta tana shekara goma sha bakwai a wata ƙaramar ƙungiya, ga ranar da ta fara tsare wa ƙasarta raga. Ga shekara biyun da ta yi tana jinyar gwiwa, ga zuwanta Washington bara. Har da labarin maɗinkin da ke yi mata safar hannun hagu ta musamman. Ta fi sauran 'yan wasan duhu, Rumasa'u ta ce a ranta ranar fili ce ta dafa ta.

Abin da ya tayar mata da hankali shi ne wasu takardun sun yi ja don tsufa. Ashe ba ciwo ne ya kawo wannan ba. Tun Mama na da rai, tana dafa masa tuwo, shi yana ɓoye hotunan yarinyar da ya haifi sa'arta. Kunya ta kama Rumasa'u, haushi ya biyo baya. Ita da ko sunan mahaifiyarsa Furera ya ƙi sa mata ranar suna, duk da ƙorafin gwaggonni, wai sunan yana da mai shi, ga inda zuciyarsa ta tafi.

Jarida ta ce ranar Asabar Marit za ta buga wasanta na ƙarshe, gwiwar ta ƙi. Rumasa'u ta yanke shawara: za ta kai shi ya gani, ranar Litinin ta sa hannu.

Suka zauna a bayan raga. Ana zafin Agusta, amma ya kafe sai da ya sa suwaitar nan. Bai kalli ƙwallo ba ko sau ɗaya, idonsa na kan mai tsaron gida, yana ta murza cindonsa, ɗan yatsa na shida da ke hannunsa na hagu. Gadon gidansu ne. Na Rumasa'u wanzami ya cire tun tana jaririya, tabon kawai ya rage.

Saura minti biyar aka ba abokan hamayya fanareti. Marit ta tashi sama da gwiwarta mai bandeji, ta ture ƙwallon da hagu, ta faɗi ta kasa tashi.

Baba ya miƙe tsaye. "Uwata! Uwata, tashi!"

Mutane suka juyo. Rumasa'u ta riƙo shi, hawaye ya cika mata ido. Shekara talatin da binne mahaifiyarsa, yau ita yake kira a filin ƙwallo. Nasir ya yi gaskiya, babu sauran jira.

Da aka tashi, Marit ta bi layin 'yan kallo tana ɗingishi, tana yi musu rubutun tunawa. Baba ya miƙa hannu babu komai a ciki. Rumasa'u ta laluba jaka, takarda ɗaya ce a ciki, ta gidan tsofaffi. Ta juya bayan takardar ta miƙa wa Marit.

"Duka sunan," in ji Baba da Turanci, muryarsa garau kamar ta da. "Har na tsakiya."

Marit ta yi dariyar gajiya. "Ba wanda ya iya faɗarsa. Wanda ya raɗa mini shi ya tafi ƙasarsu tun ina rarrafe."

Ta cije safar hannun hagu ta zare, ta kama biro. Rumasa'u ta ga ɗan yatsa na shida yana lilo a gefen ƙaramin, sannan ta karanta abin da hannun ya rubuta: Marit Furera Hovland.