Hannun da Ya Rage

Ƙuri'a ta yi kunnen doki, saura hannun ƙaramin kansila, sai ga tsohuwa, uwarsa, ta turo ƙofar majalisa da sandarta. Maganar dai ɗaya ce: a sayar da masaƙar, ko a bar ta. Masaƙar nan ita ta haifi garin, ta tara jama'a daga ko'ina, yanzu kuwa rabin gidajen ma'aikata kwaɗo ne a ƙofa.

Ta ga ma'aikatan da suka cika benci sun fara murmushi. Ai ga tasu ta zo, wadda ta tsufa a bakin injin zare.

Shugaba ya ce, "Inna, nan fa ba wurin..."

"Rufe mini baki. Ni na goya ka lokacin da uwarka ke kan aiki, ban manta ba."

Ta juya ga ɗanta.

"Auta, me kake jira?"

"Inna, in na ɗaga hannu sayarwa ke nan. Na san abin da masaƙar nan ta yi mana."

"Ka sani? Kai ka kwana kana jin tarin da ƙurar auduga ta sa wa ubanka, ko ni?"

Wani daga benci ya ce, "Haba Inna, ita fa ta ciyar da mu!"

"Kyauta ta ciyar da ku?"

Ta zaro hannun dama daga cikin mayafi, ta ɗaga shi sama. Yatsu biyu ne kawai a jiki.

"Nawa ba za su ƙirga ba. Ɗaga naka, tunda cikakke na bar maka shi."