Majemi da Fatar Moroko

Zauna ki ji, 'yar nan. Kin zo kina mini ƙorafi wai mijinki ba shi da hira sai ta tono asalin kalmomin Turanci, irin waɗanda ko a rediyo ba a cika jin su ba. Ni dai karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma tun rasuwar babanku nake kasuwa da ƙafata, ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba. Dalili kuwa, ba na karɓar kaya sai na ji daga ina suka fito. Magana ma kaya ce. Bari in ba ki misali.

An yi wani majemi, ya gaji jima wajen ubansa. Fatar jar akuya yake jemewa da bagaruwa, ya rina ta da karan dafi, ta fito ja wur, da laushi kamar kunnen jariri. Akwai dillalin da ke kwasar masa kaya yana kai wa masu fitarwa waje. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗaga fata, ya taɓe baki, ya ce Turawa fa moroko suke nema, da ita suke yi wa manyan littattafai bango, wannan kuwa fatar akuya ce kawai, don zumunci yake ɗauka. Majemi sai ya sallama a wulaƙance, har da godiya. Shi a zatonsa moroko wata dabba ce ta ƙasar sanyi, mai tsada, wadda ba ta cin dusa. Yau da gobe zuciyarsa ta mutu. Ya ce zai cike ramukan jimar ubansa da ƙasa, ya koma dako a tasha. Har ya aro shebur. A hanyarsa ta komawa gida ya biya ta zauren wani tsohon malamin makaranta, irin mijinki, wanda unguwa ke yi wa dariya saboda bin diddigin kalmomi. Majemi ya ce masa kafin ya rufe sana'a yana so ya san kamannin dabbar da ta kashe masa kasuwa.

Malam ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce ba wata dabba, sunan ƙasar Maroko ne. A zamanin ayari, fatake kan ɗora jemammiyar fatar akuya ta ƙasar Hausa a kan raƙuma, su keta hamada da ita zuwa arewa, Turawa su saya a can bakin teku. Da yake a hannun mutanen can suke ganinta, sai suka laƙaba mata sunan ƙasarsu, sunan ya zauna a bakinsu har yau. Ya nuna wata jar akuya da ke cin ɓawon rogo a bakin kwata, ya ce, "Ga morokonka can." Majemi ya mayar da shebur ga mai shi. Da dillali ya dawo ya fara taɓe bakin nan nasa, majemi ya naɗe fatunsa ya zauna a kai, ya ce yau moroko ce a gidan, albarka. Dillali ya tafi fuu, ya kai bakin lungu, ya dawo yana sosa ƙeya. Ramukan nan suna nan, jikokin majemin ke jima a ciki.

Saboda haka ki bar yaron nan da tone-tonensa, ki kai masa shayi ma. Ba ya sha, ba ya caca, asali yake nema. Hausawa sun gama magana da suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.