Miyar Wake a Lungun Maƙera

Tsohon ya ajiye cokali, gaban 'yarsa ya faɗi. Tun rasuwar matarsa bai ƙara cin abincin kirki ba. Ta zagaya da shi gidajen abincin Sarajevo, ko'ina sai ya ce, "Da daɗi," ya ture kwano. Yau wani direban tasi ya kwatanta mata wannan ɗan shagon a lungun maƙera.

"Ke mai girki!" tsohon ya ɗaga murya. "Wa ya koya miki miyar wake? Albasar ba ta soyu ba!"

"In ka fi ni iyawa, Baba, ga tukunya," in ji matar.

'Yar ta leƙa kwanonsa. Tas! Har ya suɗe da burodi.

"Ƙaro min," ya ce. "Gobe zan dawo in ga ko kin gyara."