Shelar Rijiyar Kasuwa

"Malam, ka gaya wa kurman nan kuwa?" in ji sakataren meri, wato ofishin magajin gari, ranar da aka ɗauki mutum na tara zuwa asibiti.

Na ce na gaya wa kowa. Kwana uku ina kewaya gari bisa moto da amsa-kuwwa, ina shelar kada a sha ruwan rijiyar kasuwa, akwai kwalara. Murya kam Allah ya ba ni. Hankali ne aka raba ina can ina shela.

Tun bara kurman, maɗinki ne a bakin hanyar Dungas, ya kawo takarda ofis, wai doka ta ba shi haƙƙin a riƙa aiko masa da sanarwa a rubuce ta salula. Ni na karɓa. Har yau ita ke tokare da ƙafar teburina.

Na isa shagonsa da azahar, maƙogwaro a bushe. Ya tashi da fara'a, ya shimfiɗa mini tabarma, ya miƙo ruwan baƙo. Na kafa kai sai da na ga gindin kwanon. Daga ciki matarsa, ita ma kurma, tana kwance ta riƙe ciki.

Ina laluben bik a aljihu don in rubuta masa, ya riga ni. Ya latsa salularsa, ya juyo mini da ita yana murmushi:

"Ƙara, Malam, akwai da yawa. Kwana uku ke nan ni kaɗai nake ɗiba a rijiyar kasuwa, ko layi babu."