Ruwan Tafkin da Ta Wanke

Ana cikin tafi mahaifiyar wata masaniyar kimiyya ta durƙusa a bakin tafkin, ta kamfato ruwa da hannu.

Yanzun nan masaniyar ta gama shaida wa taro cewa ƙwayoyin halittar da ta kiwata a ɗakin gwaji sun cinye baƙin man da ya gurɓata shi.

"Aikin 'yata ne, ni zan fara sha," in ji tsohuwar, baki har kunne.

Masaniyar ba ta san lokacin da ta buge hannun uwar ba. Tafi ya tsaya cak.

"'Yar nan, ba kin ce ya wanku ba?"

Ta sunkuyar da kai. Tun farko daga can gefe mai kyau take ɗibar ruwan gwaji. Nan inda uwarta ta durƙusa, ko ƙafa ba za ta tsoma ba.