Kwalin da Aka Kawo wa Malam Tanimu

Shekara uku ke nan da kantunan intanet suka daina jiran oda. Su ke gano abin da gida zai buƙata, su aiko kafin a nema, kuma ba su taɓa kuskure ba.

Ranar Talata da hantsi mai kawo kaya ya yi sallama a gidan Lantana. Ita da mijinta ne kawai a gidan. Wata biyu mijin, Malam Tanimu, yana kwance, sai jiya ya fara cin abinci.

Ta buɗe kwalin a zaure. Farin yadi ne, da sabulu da turare.

"Mayar musu," ta ce. "Ya samu sauƙi. Yau da kansa ya yi alwala."

"Ba a mayarwa, Hajiya."

Can ta share hawaye, ta miƙa yatsa za ta dangwala a na'urarsa ta shaidar karɓar kaya. Mutumin ya janye na'urar, bai dubi fuskarta ba.

"Malam ne zai karɓa. Likkafanin na mace ne." Ya duba agogo. "Ki taso shi, don Allah. Saura gida goma sha ɗaya a gabana."